Masu Sauya Wa Na'ura Riga: Ribata Da Hasarata

A wannan mako zan ɗan kauce wa maganar farashin hatsi da ta albashi, waɗanda muka saba tattaunawa a wannan shafi, domin in ba ku labarin wata ɗabi'a da ta kama ni tun ina ɗan lise, wadda ta jawo mini riba, ta kuma jawo mini hasarar da har gobe ban gama jimaminta ba. In wani ya ga kamar zancen na yara ne masu wasa da kwamfuta, to ya yi mini haƙuri kaɗan. Duk ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin na'ura, da duk ma'aikacin da ke yawo da kile a aljihu daga wannan biro zuwa wancan, da shi nake magana.

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Tirmini, garin da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Takeita da Tasawa da Maraɗi. Da kaka yakan sayi gero da wake da gyaɗa ya tara, in bazara ta yi nisa rumbuna suka yi ƙasa sai ya fitar, rabi a saya hannu da hannu, rabi kuma bashi sai an yi girbi. Shekara talatin lissafin wannan bashi yana cikin wani kundi mai bangon fata, da rubutun ajami wanda shi kaɗai ke iya karanta shi. Da ɗansa ya gama kolej sai ya lallashe shi aka sayo kwamfuta ta hannu daga Kano, irin kayan nan da ƴan uwanmu na can ke kira baljiyam, aka haɗa ta da faifan hasken rana da batir a shago, yaron ya kwashe sunayen masu bashi da yawan tiya da buhun da ke kan kowa ya zuba a ciki.

A kakar 2022, daidai lokacin da ake shirin bin bashi, yaron ya kai kile wani shagon buga takardu a birni, ya dawo da shi ɗauke da cutar nan da kowane sakatare ya sani, wadda ke ɓoye dosiye ta bar wa mutum inuwarsa. Kwana biyu bayan haka Windows ta ƙi tashi ɗungum. Mai gyaran da aka kai wa ya ce babu magani sai formataj, wato a wanke na'urar tas, kuma bai ɓoye ba ya ce duk abinda ke ciki zai tafi. Kundin fata kuwa an daina rubutu a cikinsa tun shekara biyu. Kawu ya kira ni da dare, da wata murya wadda ban taɓa ji daga gare shi ba, ya ce: “Ɗana, an ce kai ma kana taɓa waɗannan abubuwa. Dukiyar mutane ce a ciki, ba tawa kaɗai ba.”

Washegari da sassafe na isa. Na soka nawa kile, na umurci na'urar ta tashi daga gare shi maimakon daga rumbunta, cikin minti biyu sai ga Linux ta bayyana, ba tare da ta taɓa komi na abinda ke ciki ba. Na buɗe rumbun, ga dosiye ga dosiye, kowane yana nan inda aka bar shi. Ita cutar kuwa, da yake domin Windows aka ƙera ta, a nan sai ta zama kunamar da aka cire wa ƙari: kana ganin ta kwance, ka ɗauke ta ka jefar. Kafin shayin farko ya nuna na kwashe lissafin duka. Kawu ya daɗe yana duban allon, sa'an nan ya yi tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi.

“Nawa ka sayi wannan magani?”

Na ce: “Kawu, ba a sayar da shi. Kyauta ne.”

Ya girgiza kai ya ce: “Ƙwaryar da aka miƙo maka kyauta, leƙa gindinta.”

Tambayar tasa ta cancanci amsa, kuma na san da yawa daga cikinku ita ce ke bakinsu. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ce ke fara tashi, ita ke haɗa allo da madannai da rumbu, sauran manhajoji kuma a kanta suke zama. Bari mu kira ta uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce ta kamfanin Microsoft. Shi ya san abinda ke cikinta, shi ke da ikon gyara ta, kuma kuɗin da mutum ke biya na izinin amfani ne kurum. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu: akasarin waɗanda ke cikin shagunanmu ko wannan izini ba su da shi, an dai fasa makullin an zuba. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya yi shelar zai gina wata uwar manhaja, GNU, wadda kowa zai iya amfani da ita, ya buɗe cikinta ya duba, ya gyara, ya kuma ba maƙwabcinsa. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar da ta rage, aka kira ta Linux. Sharaɗin lasisin da suka ɗora mata shi ne: in ka gyara ka rarraba, dole ka bar wa na gaba ƴancin da aka bar maka.

A nan Hausa ta fi Ingilishi sa'a. Su kalma ɗaya gare su mai nufin kyauta da ƴanci a lokaci guda, shi ya sa suka shekara arba'in suna bayani. Mu kuwa, kamar Faransanci, mun raba su tun asali: ɗan da aka ƴanta daban, goron da aka ba ka kyauta daban. Amma ba da wannan na shawo kan Kawu ba. Cewa na yi masa ya tuna bambancin irin geron da manomi ke zaɓa daga gonarsa ya rataya a rumbu, ya shuka baɗi, ya ɗiba wa ɗan uwansa, da irin da dole sai an koma shago kowace damina. Game da gindin ƙwaryar kuma, na ce masa manyan kamfanonin duniya da kansu suke biyan injiniyoyi su yi aiki a kan Linux, saboda injunansu a kanta suke tafiya. Har IBM ta sayi kamfanin Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34, alhali abinda Red Hat ke sayarwa hidima ce a kan manhajar da kowa ke iya ɗauka. Kuma wayar Android da ke aljihunsa, ƙwayar Linux ce a cikinta. Da ya ji akwai masu cin riba a lamarin, sai hankalinsa ya kwanta.

Ni kaina a 2008 na fara ganin abin, ina Lise Amadu Kuran Daga. Wani mushenmu ya shigo aji da ambulan da ya karɓo daga gidan waya, cike da faya-fayan Ubuntu. A wancan zamani kamfanin Canonical, na Mark Shuttleworth mutumin Afirka ta Kudu, yakan aika wa duk wanda ya roƙa faifai kyauta har ƙasarsa, bai daina ba sai a 2011. Mushe ya ce mana sunan daga harsunan Zulu da Kosa ya fito, ma'anarsa kusa da abinda muke kira mutuntaka. Na karɓi ɗaya na zuba a tsohuwar na'urar yayana ba da izininsa ba. Sauti ya ɗauke, modem ya ƙi aiki, na sha faɗa. Amma na ga abinda ban taɓa zato ba, wato ashe fuskar da na saba gani a kwamfuta riga ce kurum, ana iya tuɓe ta a sa wata. Tun daga ranar ban warke ba.

Yau mu bakwai ne masu wannan ciwo da muke haɗuwa, kuma kamar kowace fada ta Damagaram, tabarma ce da benci da butar shayi a kan gawayi. Akwai malamin lissafi, akwai mai gyaran waya, akwai akawun wata ma'aikata, da ma'aikacin lafiya, da ɗalibai biyu na jami'ar André Salifou, sai ni. Abinda ya bambanta mu da sauran shi ne kowa da tsohuwar na'ura a cinya. Linux ba guda ɗaya ba ce. Da yake kowa na da ikon ɗauka ya haɗa yanda ya ga dama, iri-irinta sun kai ɗaruruwa. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita ce kaka. Daga gare ta Ubuntu ta fito a 2004, daga Ubuntu kuma Linux Mint ta fito a 2006 a hannun wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre. Ga Fedora, ga Arch, ga Emmabuntüs da wasu Faransawa suka haɗa domin farfaɗo da tsofaffin na'urorin da ake ba ƙungiyar Emmaüs. Sauko da su daga intanet shi ne tsadar abin. Ubuntu da na fara da ita faifai ɗaya na mega 700 ya ɗauke ta, ta 2024 kuwa ta kusa giga 6. Saboda haka muka yi ta kamar adashi: wannan wata wane zai sayi mega ya kwana yana saukewa lokacin da rezo ya yi sauƙi, da safe kowa ya kawo kile ya kwafa. Tun da aka fito da Ventoy a 2020, kile ɗaya yakan ɗauki iri goma, mutum ya zaɓi wanda zai ɗanɗana.

Amma gardamar da ta fi zafi ba a kan iri take ba, a kan shimfiɗa take, wato abinda ido ke gani: inda maɓallai suke, yanda tagogi ke buɗewa, abinda Faransanci ke kira biro. Malamin lissafi ɗan KDE ne, wadda aka fara a 1996. Ita riga ce mai aska takwas, babu inda ba a yi wa aiki ba, kuma kowane zare kana iya sauya masa launi. Yakan shafe Lahadi guda yana gyaran inuwar taga. Akawu ɗan GNOME ne, ya ce shi yana son tebur wanda babu tarkace a kai. Ita GNOME ɗin ce a 2011 ta sauya kamanninta gaba ɗaya, magoya bayanta suka fusata suka ɓalle, wasu suka kafa MATE, wasu Cinnamon, a shekarar kuma Ubuntu ta kawo tata mai suna Unity wadda ta yar a 2017. Wanda ya ga yanda jam'iyyu suka riƙa haihuwar juna a ƙasar nan bayan Taron Ƙasa na 1991 ba ya bukatar ƙarin bayani. Ƙaramin ɗalibin namu kuwa ya wuce nan duka: Arch yake zubawa, kwana uku yana haɗa ta da hannu, allonsa baƙi ƙirin babu ko hoto ɗaya, kuma yana duban mu masu taɓa linzami kamar yanda mahaddaci ke duban ɗan kotso.

Ni na bi su duka, wani lokaci iri uku a mako guda, kafin in zauna a kan Xfce, wadda Olivier Fourdan ya fara a 1996. Ba ta da kyau, ban kuma taɓa cewa tana da shi ba. Jaki ce: ba a hawan salla da ita, amma ita ke kai kaya kasuwa. A na'urata mai ƙwaƙwalwar aiki giga 4, GNOME takan cinye fiye da giga guda tun ban buɗe komi ba, Xfce kuwa wajen rabin haka. Wanda ke zaune a Turai da sabuwar na'ura ba zai ga abin damuwa a nan ba. Mu da ƙurar hunturu ke toshe wa fanka, zafin bazara kuma ya haura digiri 40, mun san duk ƙarin aikin da aka ɗora wa na'ura zafi ne, zafi kuma batir yake ci. Gardamar da muka shekara biyar muna yi, wuta ce ta raba ta. Da Najeriya ta yanke mana lantarki a watan Agusta na 2023, bayan abinda ya faru ranar 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024, sai na ga malamin lissafi ya kashe duk kwalliyar tasa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce masa uffan. Ranar da wuta ta daidaita ya mayar da abinsa.

Wani ya ce duk wannan wasa ne, kuma rabinsa wasa ne, ban musa ba. Ga rabin da ba wasa ba. Ni aikina rubutu ne da harsuna biyu, kuma madannan da muke da su a ƙasar nan na Faransanci ne, masu farawa da AZERTY. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Waɗanda suka riƙe shafuka irin wannan kafin mu sun sha fama: wasu su bi da alƙalami suna lanƙwasa haruffa bayan an buga, wasu su bar su haka nan, mai karatu ya yi ta lalube ko baki ake nufi ko baƙi, ko kafa ko ƙafa. Mu kanmu in aka cire mana lanƙwasa ba a san ko fada muke yi ko faɗa ba, ko da yake wani dare duka biyun ne. Tun 1999 gwamnati ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, da ƴ a cikinta inda Najeriya ke sa waƙafi a gaban y, amma ƙa'ida ba ta sa harafi a kan madanni. A cikin Linux akwai tsarin madannai na Hausar Najeriya da na Hausar Gana tun daga gida, sai dai a kan jerin Ingilishi aka gina su, yatsun wanda ya saba da AZERTY sai su yi ta tuntuɓe. Abinda na yi shi ne na buɗe wani ɗan fayil mai suna .XCompose na rubuta layi takwas, huɗu na ƙananan haruffa huɗu na manya, na ce wa na'urar in na taɓa kaza da kaza ki ba ni ƙ. Ban nemi izinin kowa ba, ban jira wani kamfani ya ga ko Hausar Nijar kasuwa ce mai riba ba. Na haɗa da haruffan Charis da Andika na ƙungiyar SIL, waɗanda su ma a buɗe suke, kuma lanƙwasarsu ba ta fita kamar an ɗinka ta daga baya. Wannan shafi da kuke karantawa da layukan nan takwas aka rubuta shi.

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a watan Maris na 2025, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, nake tambayar kaina wa zai sa wa dubban na'urorin ma'aikatunmu waɗannan haruffa huɗu. Fassara maɓallan shimfiɗa zuwa Hausa ma ƙofarta a buɗe take ga kowa. A Najeriya an taɓa fitar da wani iri mai suna Wazobia Linux, da Hausa da Yarabanci da Ibo, amma bai yi tsawon rai ba. Mu bakwai ɗin nan da muka iya kwana a kan launin taga, ko layi ɗari ba mu taɓa zama mun fassara ba. Na faɗa ne domin kada a ce na yabi fadarmu na ɓoye aibinta.

Yanzu sai hasarar. Kowa ya san a Tirmini ne, a ƙarshen watan Yuli na 1899, dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa, ragowar ayarin Voulet da Chanoine wanda Pallier ke ja bayan mutuwar shugabannin nasa biyu. Aka karya dakarun Sarki, Nasara suka shiga birni, shi kuma aka kashe shi a watan Satumba. Wannan yana cikin littattafai. Abinda ba ya cikin littattafai shi ne yanda mutanen garin suka ga ranar. Ƙanen kakata ya ji labarin daga bakin mahaifinsa, wanda yana yaro aka yi abin. A 2016 na zauna da tsohon dare huɗu a jere da ƴar na'urar ɗaukar murya, ya yi mini wajen awa shida: inda aka ce an ɗaure dawaki, inda mata suka gudu da yara, wanda ya dawo da wanda bai dawo ba, gida-gida da sunayensu. Na juye muryar a kwamfutata, na share ta daga ƴar na'urar domin in samu wurin wata hira, na ce in na samu sarari zan rubuta. Farkon 2017 Allah ya yi masa rasuwa.

Wata biyu bayan haka, ƙarfe biyun dare, na zauna zan ɗanɗana wani sabon iri wanda yau ko sunansa ba na son tunawa. Na yi wannan aiki ya fi sau ɗari, kuma sabo ne ya kashe ni. Aka tambaye ni ko a zuba a gefe ko a share rumbun duka, idona na kan allo hankalina na kan barci, na taɓa na biyun. An ma sake tambayata ko na tabbata. Na ce na tabbata. Sai da sabuwar shimfiɗa ta bayyana, tsaf da ita, na nemi dosiyena na ga wayam.

Ba cuta ba ce, ba kamfani ba ne, ba mai gyara ba ne, hannuna ne. Ƴancin da nake yi wa mutane wa'azi a kansa ya haɗa da ƴancin rushe gidanka, kuma Linux ba ta riƙe hannun kowa. Mai gyaran wayarmu ne ya zo da asuba ya ce in kashe na'urar nan take kada in ƙara taɓa ta. Dalili kuwa, in an share fayil ba a kankare shi ake yi ba, sunansa kurum ake cirewa daga rajista, shi yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Muka tashe ta daga kile, muka saki PhotoRec, manhajar Christophe Grenier wadda ke bin rumbu taki-taki tana tsintar abinda ya saura. Kwana biyu tana aiki. Ta fito da dubban fayiloli marasa suna, muka bi su ɗaya-ɗaya da kunne, mu bakwai, kowa da rabonsa. Sabuwar manhajar da na zuba ta riga ta kwanta a kan mafi yawan muryar. Daga awa shida, minti arba'in da ɗoriya muka samu, da wasu gutsattsari. Har yau ban iya gaya wa ƴaƴan tsohon yanda aka yi ba. Sun ɗauka na'ura ce ta lalace, ni kuma na bar su a haka. In sun karanta wannan, to ga gaskiyar.

Tun daga nan dokar fadarmu ta sauya. Na'urar aiki daban, ta wasa daban. Wanda ba shi da biyu ya ɗanɗana daga kile kada ya zuba. Kafin a taɓa rumbu sai an kwafe abinda ke ciki wuri biyu, kuma wani ne zai duba ya shaida, ba mai na'urar ba.

Ga ƴan uwana ma'aikata kuwa, ba zan ruɗe ku ba. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, amma takardar da ta zo daga Yamai da teburori da tambari da ƙawa iri-iri wani lokaci takan fito a karkace, kuma shugaban sashe ba zai saurari tarihin Stallman ba. Akwai na'urorin buga takarda da sai an yi da gaske suke amsawa. Akawunmu dole ya bar Windows a gefe guda, saboda manhajar lissafin da ma'aikatarsa ke aiki da ita ba ta san wata uwa ba. Su ma masu Linux ɗin ba waliyyai ba ne wajen tausayin tsohuwar na'ura: Ubuntu da Mint sun daɗe da sallamar masu bit 32, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta daina ba su hanyar zubawa, sai ƙananan iri kamar antiX suka rage musu. Duk da haka lissafin a bayyane yake. Microsoft ta janye tallafin Windows XP a 2014, na Windows 7 a 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda yawancin na'urorin da ake sauke mana daga Kano da Kwatano ba su da shi. Waɗannan na'urori lafiyarsu lau. Ko a bar su a buɗe ga kowace cuta, ko a zubar, ko a sauya musu uwa. Jandarmomin Faransa, waɗanda ba wanda zai zarge su da wasan yara, tun 2008 suka fara mayar da dubun-dubatar na'urorinsu kan Ubuntu. A ganina abinda ya fi ƙarfin ma'aikatunmu ba kuɗi ba ne, mutumin da za a kira ne ranar da abu ya tsaya. Irin mutumin nan kuwa a kan tabarma irin tamu yake koyon aikin, ta hanyar ɓatawa da gyarawa.

Na'urar Kawu dai na zuba mata Debian da Xfce tun a wancan zuwa, na girmama haruffan saboda idonsa, na ajiye masa maɓalli uku kurum a kan allo. Da na koma bara na ce bari in sa masa wata shimfiɗa da ta fi wannan kyau, sai ya dafe murfin da tafin hannunsa ya ce: “Ɗana, jakin da ke kai kaya ba a sauya masa akumari ranar kasuwa. Je ka yi wasanka da taka.” Ya kuma dawo da kundin fata, kowace Juma'a yaron ya karanto daga allo, shi ya rubuta da ajami.

Minti arba'in ɗin nan yanzu suna wuri huɗu, ɗaya a Tirmini cikin akwatin Kawu, tare da kundin. Na rubuta su duka a takarda, shafi goma sha ɗaya. A gutsuren ƙarshe tsohon yana cewa mahaifinsa ya hangi ƙura ta taso daga yamma, sai uwarsa ta fizge shi ta ce, daga nan muryar ta yanke.